Akwatin Wutar da Ba Shi da Suna

Dik Galih, ƙanena,

Ina gaishe ka daga Singafo. Yaya mahaifiyarmu Ibu da ciwon ƙafarta? Ka tsaya a kanta ta sha maganin, kada ka yarda da "na sha" ɗinta. Ni lafiya lau nake. Hannuna ya ɗan kumbura saboda wanki, amma ba sai ta ji ba.

Na ga hotunan kayan kwamfutar da za ka haɗa "don karatu". Galih, ni za ka raina wa hankali? Kullum sai na goge irinta a ɗakin ɗan masu gidan nan da nake wa aiki. Fanka mai fitilu ja da kore, wane darasi take koyarwa? Ta wasa ce, ka faɗi gaskiya.

Ba wasan ne ya hana ni sukuni ba. Abokin nan naka Bagus ne. Me ya sa ya karya maka farashi haka? Ka manta tukunyar shinkafar da ya sayar wa Ibu, wadda ta ja ta da lantarki? Yanzu kuma ya haɗa ka da akwatin raba wuta na kwamfuta wanda ko sunan kamfani babu a jikinsa, wai don kuɗinka su kai ga fitilu.

Gidanmu na katako ne, kuma gadon Ibu yana jingine da bangon ɗakinka. Ka haƙura da fitilun, ka sayi akwati na kirki a shago, zan cika maka. Allah ya yi maka albarka, ka yi wasanka. Amma ban bar garinmu Blitar don in dawo in tarar da toka ba.

Yayarka,
Mbak Tutik