Littafin da Nake Nema Yana Tokare da Tagar Malam

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai sa a kore ni daga jami'a.

Ina shekarar ƙarshe, ina rubuta kundin kammala digiri a kan zaizayar ƙasa. Malamin da ke duba aikina ya ƙi sa hannu a babi na biyu. Ya ce sai na karanta wani tsohon littafi, wai duk wanda ya yi maganar zaizaya bai karanta shi ba, surutu kawai yake. An daina buga littafin tun kafin a haife ni. A intanet babu komai sai hoton bangonsa, kore mai farin layi.

Kwamfutar laburare ta ce akwai kwafi ɗaya a bene. Na hau. Ga mai lambar da ke gabansa, ga mai ta bayansa, tsakaninsu giɓi kamar an cire haƙori. Wata 'yar ajinmu ta ce ɗalibai kan ɓoye littafi a wani sashe don kada a riga su, sai na shiga bin kantoci: na shari'a, na likitan dabbobi, har na kiɗa. Na durƙusa, na taka kujera, na sha ƙura. Mai gadin ƙofa yanzu "an zo aiki?" yake ce mini. Na san inda littafin kowa yake, ban da nawa.

Ranar Litinin na je ofishin Malam. Yana cikin yi mini wa'azi, wai mu 'yan zamani ba mu san ƙofar laburare ba sai latsa waya, iska ta ɗaga labule. Anti, ƙugiyar tagarsa ta karye, da littafi ya tokare ta. Kore mai farin layi! Ga hatimin laburare ɓaro-ɓaro a gefensa. Ruwa ya taɓa shi har ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. Ina ta "to, Malam", idona na can. Da ya tambaye ni me nake kallo, na ce hadari.

Mutumin nan ba ya son a nuna masa kuskure. An ce wani ya taɓa yi masa gyara a aji, sai da ya maimaita kwas ɗin. Idan bai sa mini hannu kafin ƙarshen wata ba, ba zan kare kundi tare da 'yan ajinmu ba, shekara ta tafi, ga Baba har ya gama shelanta wa dangi ranar yaye mu. Ƙawata ta ce in zare littafin idan ya fita amsa waya. Yayana ya ce in kai ƙara wurin shugaban sashe. Ni kuwa yanzu da hadari ya haɗu, ba shanyata nake tunawa ba, babi na biyu nake tunawa. Yaya zan yi?

Mai kallon taga

*

Ƙanwata Mai kallon taga,

Abin nema ya samu. Kin gano littafin da jami'a guda ta kasa ganowa, wannan ma bincike ne, sai dai ba a ba da maki a kansa.

Shawarar ƙawarki ki mayar mata da abarta. Kina zarewa taga za ta buga, ki fito da littafi mai hatimi a jaka, sunanki ya koma ɓarauniya. Ko kin tsira, ranar da ya ga kin ambaci shafukansa zai tambaye ki inda kika samo shi. Ta yayanki kuwa, za ki yi nasara a ofishin shugaban sashe, sannan ki dawo da babi na uku wurin mutumin da kika kunyata.

A yi wa Malam adalci. Ba na jin ɓoye miki ya yi. Ya aro shi ne da daɗewa, ya karanta, ya so shi, wata rana iska ta dame shi. Yanzu idonsa ba ya ganin littafi a wurin, wani ɓangaren taga yake gani.

Ke ma ga naki. Kin ambaci kwamfuta, 'yar aji da mai gadi, ban ga ma'aikacin laburare ko ɗaya a wasiƙarki ba. Mutanen da ke zaune a teburin nan ba ado ba ne. Suna iya sa a dawo da littafin da aka ara, suna iya nemo miki shi daga wata jami'a, za su kuma nuna miki mujallun da suka zo bayansa. Ki je gobe, ko ba don wannan ba.

Amma wata ya kusa ƙarewa, don haka ki je wa Malam ke kaɗai, lokacin da ba kowa a ofis. Ki gaishe shi, ki ce kin duba laburare littafin ba ya kan kanta, ko yana da nasa ya ara miki? Nasa za ki ce. Kada kalmar hatimi ta fito daga bakinki. Idan ya ce ba shi da shi, sai ki ce kamar kin hangi wani kore a wajen taga, ko shi ne? Ki bar shi ya gano da kansa, ya yi mamaki, ki taya shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

In ya ba ki, ki karanta da gaske, don zai tambaya. In kin gama, ki ce za ki rage masa hanya ki miƙa a laburare, saboda wadda za ta zo baɗi ta tsaya gaban giɓin nan.

Abu na ƙarshe: ki biya wurin kafinta ki karɓi guntun katako daidai kaurin littafin, ki sa a jaka. Mutum ya fi saurin rabuwa da ilimi a kan ya rabu da iska.

Allah ya sa a sa hannu kafin ruwa ya sauko.

Antinku