Ampul ɗin da Innarka ke Jira

Ɗana Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, ina karatu, ina baƙunta? Mu nan unguwar Bukoki lafiya lau.

'Yar na'urar wifi da ka aiko, wadda za ka riƙa kunna mana ampul, wato ƙwan lantarki, daga can don innarka ta san kana lafiya, ni injiniyan da karatunsa ya tsaya a aji uku na haɗa mata wayoyi: ja da ja, baƙi da baƙi. A hannuna ta kama rezo, wato siginar intanet. Sai na rufe ta a gwangwanin madara saboda ruwan sama. Tun ranar ampul shiru. Innarka ta kasa zaune ta kasa tsaye.

Gwanintata ce ta jawo, ko ka manta mu? Allah ya sa laifina ne. Ka yi mana addu'a, ka gaida abokan zamanka.

Babanka