Sun Ɗauke Mini Sikeli

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya shago?

Gara ki ji daga bakina: ba zazzaɓi ne ya kayar da ni a filin gudu ba. Wata bakwai ke nan, duk abin da na ci sai na shiga banɗaki na sa yatsa na amayar. Koci ya ce in rage kilo uku, na rage goma sha ɗaya, na kasa dainawa. Likita ta ce bugun zuciyata ya rikice, zai iya tsayawa ina cikin gudu.

Sun kwantar da ni a asibiti, sun ɗauke mini sikeli. Nas takan zauna gabana har in cinye, sannan ta kulle banɗaki. Yaya, ina ganin faranti sai in kau da kai. Don Allah kada Umma ta ji.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. A tsaye na karanta wasiƙarka, na kasa komawa kan keken ɗinki. Ni ce fa na rage maka wando har sau uku, ina tsokanarka wai iska za ta ɗauke ka.

Umma ta sani. Ta daɗe tana jin ka buɗe famfo bayan kowane abinci, tsoro ya hana ta tambaya.

Kocinka ya zo jiya. Wai in ka fito kafin ƙarshen wata gurbinka a tawagar 'yan gudu na nan, in ba haka ba zai ba wani. Na so in ɓoye maka, na kasa.

Allah ya ba ka lafiya.
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Shekara shida ina neman gurbin nan. Har na haɗa kayana zan sallami kaina.

Sai aka dawo da wanda ke gadon kusa da ni, mai irin ciwona, wanda ya sallami kansa makon jiya. A kan gadon tura marasa lafiya aka shigo da shi, bai gane ni ba.

Likita ta ce wata uku, ƙila fiye. Na sa hannu zan zauna. Kumatuna sun fara cikowa, kuma wallahi wani abu a kaina yana ta zagina. Ban san ko zan iya ba. Ki ce wa Koci ya bayar.

Auta

Auta,

Sannu da jiki. Na faɗa masa, ya ba wani.

Za mu zo Asabar da rana, Likita ta ce mu ci tare da kai. Umma na tambaya: in ka kasa haɗiyewa, ta yi maka magana ko ta yi shiru?

Yayarka