Sandar Awon da Injin Yaya Ya Zana

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yau na kasa cin abinci. Wata uku ke nan yawancin rigunan da aka yanka a shagona sai su fito a ɗangale. Na ɗora laifin a kan Gwaggo mai yi mini yanka, na ce mata idonta ya mutu, ta ajiye almakashi. A gaban masu kawo ɗinki na faɗa, Yaya! Shekara talatin tana yanka. Ta ɗauki mayafinta ta tafi.

Ɗazu na shimfiɗa tef kusa da sandar awon da ka zana mana da injin nan naka na ɗakin baya. Mitarka ba ta cika ba. Me ka yi?

Ƙanwarka

Ƙanwata,

Ina amsa gaisuwa. Innalillahi! Da farko cewa na yi tef ɗinki ne ya miƙe, sai da na aro ma'aunin ƙarfe wajen maƙeri na gwada. Gaskiyarki ce.

Da, doguwar sandar ƙarfe mai zare irin na noti ke tura kan injin, a hankali amma daidai. Gajen haƙuri ya sa na cire ta na sa bel mai haƙora don ya yi sauri. Ashe bel ɗin iri biyu ne, tazarar haƙoransu ta bambanta da abin da bai kai kaurin gashi ba, ni kuwa lissafin ɗayan na ba kwamfuta. A haƙori ɗari biyar, wato kusan mita ɗaya, kuskuren ya haura santimita ɗaya da rabi.

Abin kunyar, duk gwajin da na yi, da rular da injin ya zana na yi shi. Ina ta yabon kaina.

Don Allah ki je wajen Gwaggo yau. Ina tafe ranar Asabar.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa, na je, na durƙusa har ƙasa. Dariya ta yi. Ta ce, "Ai tun ranar farko hannuna ya gaya mini sandar nan gajera ce. Na ga yadda yaron nan ya kawo ta yana washe baki, na ce bari in riƙa ƙarawa da ido. Wata rana in tuna, wata rana in manta."

Na ce ta dawo. Ta ce ta yafe mana, amma almakashin ta riga ta bayar.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka