Wurare Uku Kafin Baba Ya Sauka

Lahadi, 3 ga Yuni. El Alto.

Likita ya maimaita abin da ya faɗa a watan Maris, wannan karon bai sassauta ba. Jinin Baba ya yi kauri fiye da kima, ciwon tsofaffinmu na nan saman duwatsu. Sau uku aka ɗebe masa jini bana, yana komawa yadda yake. Leɓensa ya yi shuɗi, farcensa ma haka. Ko ya sauka ya zauna wurin ƙanena Wilfredo a Santa Cruz, inda iska ke da yawa, ko mu jira ranar da jinin zai toshe masa wata jijiya.

Baba ya saurara, hularsa a kan gwiwa. Sai a mota ya ce zai sauka, amma bayan ya tattaro kurwarsa. Shekara talatin da ɗaya yana jan babbar mota, gishiri da farar wuta, kuma akwai wurare uku da aka yi mummunar firgita ba a koma an kira kurwar ba. Wai mutum ba ya ƙaura ya bar abinsa warwatse a hanya.

Wilfredo a waya: "Yaya Nelida, ke da kika cika jarida da cewa mutane su bi maganar likita?" Gaskiyarsa, sau biyu na yi rubutu kan ciwon nan. Sai dai bai taɓa gwada saka Baba a jirgin da bai yi niyyar shiga ba.

Na ari jif, jarka huɗu na fetur, tukunyar oksijin biyu, da ɗan ma'aunin iska da ake maƙalawa a yatsa. Yau ya nuna 84 a yatsan Baba.

Litinin, 4 ga Yuni. Sajama.

Awa biyar. Tun daga Curahuara dutsen Sajama yake gabanmu, fari tas, ana tafiya ba ya matsowa. Garken lama, ƙananan raƙuman nan marasa tozo, da jan zare a kunne, ciyawa mai tsini, iska.

Wuri na farko wata kwana ce da ba ta da alamar komai. A nan tsawa ta faɗi gaban motarsa a 1983, ta kashe lama huɗu a idonsa. Ya binne koka, ganyen da muke taunawa, ya zuba wa ƙasa 'yar barasa, sai ya miƙo mini hularsa. Ashe ni zan yi. Mutum ba ya kiran tasa kurwar, na san haka tun ina yarinya, ban dai kawo a raina ba.

Na kaɗa hular ina kiran sunan Baba. Zo, Serapio, zo, kada ka zauna a nan, taho mu je gida.

"Ke kira kike yi, ko sanarwar rasuwa kike karantawa a rediyo?"

Na sake, da ƙarfi. Ya ce ko kurma ya ji wannan. Ya ɗebi ƙasar wurin ya ɗora a harshe, na sa masa hular, muka nufi mota. Wanda aka kira wa ba ya waiwaye sai an bar wurin, in ya waiwaya kurwar ta koma. Har madubin gefensa ya naɗe. Na ce to ni yaya zan juya mota? Ya ce shi da tirela yake juyawa a nan.

82.

Talata, 5 ga Yuni.

Hanya kawai. Oruro, Challapata, gonakin kinuwa, hatsinmu mai kama da acca, da aka girbe. Ya gyara mini tuƙi sau goma sha tara, na ƙirga.

Laraba, 6 ga Yuni. Tahua.

Gidan Goggo Basilia, yayar Baba, a gindin dutsen Tunupa. Daga ƙofarta filin gishiri ya fara, ba ya ƙarewa sai inda sama ta sauko. Shekararta tamanin da biyu, tana gudu bayan tumaki, nata jinin lafiya lau. Na maƙala mata ma'aunin don sha'awa: 91. Ta ce in cire mata wannan kaskar.

Da ta ga Baba: "Kai Serapio, wannan fuska kamar dankalin da ƙanƙara ta kwana a kai?" Ya ce ita ma ba budurwa ba ce. Miyar kinuwa da busasshen naman lama, ya ci kwano biyu.

Ina wanke kwanuka ta tambaye ni wuraren. Na ce Sajama, gishiri, sai can kudu inda ƙasa ke tafasa. Ta daina goge tukunyar. "Shi ya ce miki na ukun nasa ne?" Na ce na wa ne to? Ta ce tumakinta sun shiga gonar mutane, ta fita. Tumakin suna cikin garka, ina ganinsu ta taga.

Da a wurin aiki ne da na bi ta har sai ta amsa.

Alhamis, 7 ga Yuni. Kan gishiri.

Babu hanya, sai sawun taya da duwatsu masu nisa. Baba ba ya duban taswira. Ya ce in ajiye Tunupa a bayan kunnena na dama, in dosa wancan baƙin tsibiri mai dogayen ƙaya. Gishirin a tsage yake gida-gida, kusurwa shida-shida, yana ƙara ƙarƙashin taya kamar ana taka busasshen ɓawon gyaɗa. Ba tabarau ido ba ya buɗuwa.

Wuri na biyu kusa da gaɓar kudu, inda ɓawon ke da sirara kuma ruwa na ƙasa. A nan motarsa ta burma da buhu ɗari biyu, ya yi kwana uku yana shan ruwan lagireto. Na tambaye shi yadda ya gane wurin, tunda ko'ina iri ɗaya ne. Ya ce, "Da ke kika sha ruwan lagireto da kin gane."

Na yi kiran. Murya ba ta da abin da za ta buga ta dawo, tana fita ta ɓace. Bai yi mini ba'a ba. Gishiri ya lasa maimakon ƙasa.

A San Juan ya yi barcin rana awa biyu, abin da ya ce rabonsa da shi tun rasuwar Mama. Gajiya ce, da kuma abin da mutum ya sa a ransa. Na karanta isasshe a kan wannan.

81.

Juma'a, 8 ga Yuni. Jan tafki.

Hawa tun safe. Ƙananan tafkuna da ƙanƙara a baki, jejin yashi ba ko ciyawa, duwatsun da iska ta sassaƙe. Bikunya shida, 'yan uwan lama na daji, sun tsallaka gabanmu. Tafkin ja ne kamar ruwan yanka, da farin gishiri a gefe, tsuntsayen pariwana tsaye a ciki da ƙafa ɗaya, waɗanda ba su gudu wa sanyi ba. Mita dubu huɗu da ɗari uku.

76. Na sa masa oksijin, ya koma 85, na cire, ya sauka. Ya kira ni da sunan Mama sau ɗaya, ya gyara da kansa.

Wuri na uku ya fi nan da mita ɗari biyar da wani abu. Na gaya masa ba za mu je ba. Biyu cikin uku ya isa, gobe mu juya Uyuni. Ya ce in mun juya, El Alto zan mai da shi, a binne shi kusa da Mama in lokaci ya yi, Wilfredo ya ba wa wani ɗakin. Na ce to ya zauna a masauki, ni in hau da hularsa in kira masa. Ya ce ba ta yiwuwa. Na ce me ya sa? Ya juya fuska bango.

Na sha yin hira da masu riƙe da muƙamai da suka fi shi saurin amsa.

Asabar, 9 ga Yuni.

Zan rubuta shi a jere yadda ya faru.

Da safe muna shan shayin koka ya faɗa, idonsa a kan kofi. 1979, Mama na asibiti a Uyuni za ta haifi Wilfredo, babu mai riƙe ni, ya ɗauke ni a mota zuwa ɗaukar farar wuta. Ina da shekara biyar. A wurin da ƙasa ke tafasa injin ya daskare. Ya bar ni a gidan gaba ya tafi ɗebo ruwan zafi da bokiti. Ya dawo ƙofa a buɗe. Ya yi kusan awa yana nema cikin tururi, ya same ni tsaye a bakin wani rami, taɓo na tafasa taku ɗaya daga takalmina. Ban yi kuka ba. Wata guda ban yi magana ba. Ya gaya wa Mama sanyi ne ya kama ni, don da ta san ya bar ni ni kaɗai a can da ba ta yafe ba. Da ta san wurin da ta sa an kira. Goggo kawai ya gaya wa.

"Tun ranar ban ƙara ganin kin tsorata ba, ban ga kin yi murna sosai ba. A jana'izar uwarki ke ce mai duba ko kujeru sun isa."

Na ce wani dole ya duba kujeru. Na ce ban tuna komai ba, kuma halin mutum ba a rami yake zama ba. Ya ce ya sani na yi makaranta. Ya ce shi dai ba zai sauka ya bar ni a can ba.

Na lissafa. Tukunya ɗaya cike, hawa minti hamsin, sauka minti hamsin. Na ce minti goma a waje, ba ƙari. Ya ce bakwai ma sun isa.

Mun isa da tsakar rana. Warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙasa rawaya da toka-toka, ramuka na huci, iska na kwantar da tururin gefe guda. Ya cire abin oksijin, wai ba a kira da roba a baki. 71. Ya yi tafiya taku sittin zuwa wani rami da bai fi sauran komai ba. Na ba shi hulata ta ulu.

Muryarsa ba ta fita sosai. Zo, Nelida. Numfashi. Zo, 'yar ƙarama, ga Babanki ya dawo. Numfashi. Na daɗe, yi haƙuri, taho mu je.

Na ɗora ƙasar a harshe, tana da ɗumi da ɗaci. Ya sa mini hular a karkace, ya ce in wuce gaba.

Ban yi tunanin wannan ba a lissafina. Ni ce ba zan waiwaya ba, shi yana baya. Ina jin takunsa a kan tsakuwa, ina ƙirgawa. A na talatin da huɗu ya tsaya. Babu tari, babu komai, sai hucin ramuka. In na juya, ya gani, aikin ya lalace a wurinsa, ba Santa Cruz. In ban juya ba kuma yana kwance. Na tsaya ina kallon ƙofar jif. Na ce, "Baba?" Na sake kira da ƙarfi, muryar ba irin tawa ba.

"Tafi mana, uwar tambaya. Mutum ba zai huta ba?"

A mota 66. Na buɗe tukunyar har ƙarshe. Na kasa saka makulli sai a karo na uku. Ya miƙo hannu ya naɗe madubina.

Lahadi, 10 ga Yuni. Uyuni.

83 ba oksijin. Ya kira Wilfredo da kansa, ya ce a sa gadon kusa da taga, kuma ba ya cin rogo. Ni na yi amai sau biyu a hanya jiya. Tsayin wurin ne, ko da yake a mita dubu huɗu aka haife ni.

Asabar, 16 ga Yuni. Santa Cruz.

Kwana huɗu da saukowa. Leɓensa ya fara komawa launin leɓe. Yana ƙorafin zafi, da sauro, da cewa garin ba shi da dutsen da mutum zai san gabas da shi. Jiya ya zagaya unguwa da ƙafa, ya dawo ya ce direbobin nan duk a ƙwace lasisinsu.

Shekaranjiya a tebur Wilfredo ya kwaikwayi yadda Mama ke ciniki da masu kifi, har da riƙe ƙugu. Na yi dariya har na tashi na shiga banɗaki, na daɗe a ciki. Da na fito Baba yana ɓare lemo.

Jirgina gobe ne. Na ɗage shi zuwa Lahadi ta sama. Na gaya wa edita sai na ga yadda sabon maganin zai karɓe shi. Likitan nan bai ba shi wani sabon magani ba.