Tafiretar da Na Zaɓa da Yatsu

Gumel, 1977

Zuwa ga Rahamatu, inuwar tsamiyata a tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, farin watan da ya tsaya mini ni kaɗai a sararin Gagarawa, sanyin idona tun ina da idon.

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki, da Goggo, da yayarki Safara'u, da 'yan ajinki na firamare da suke kallon fuskarki kullum safiya, ba su san arzikin da Allah ya yi musu ba. In kin tambayi lafiyata, jiki lau. Zuciya ce ba ta da labari mai daɗi.

Tun da na aiko miki da takardar watan jiya kika yi shiru, kuma wallahi ban ga laifinki ba. Wace mace ce za ta buɗe ambulan daga hannun mutumin da aka sa musu rana, ta iske shafi biyu na shirme, ko sunanta ba daidai ba, sannan ta zauna ba da amsa? Na ji an ce Kawu Barau ya duba ya ce ko dai Sallau ya fara shaye-shaye, ko kuwa iska ta taɓa shi, a jingine maganar ɗaurin aure bayan kaka sai an gani. Ban sha komai ba, abar ƙaunata, hankalina kuma garau yake. Ki daure ki karanta, ki ji yadda aka yi.

Kin tuna ranar da kuka biyo ofishinmu ke da Safara'u, a buga miki takardar neman aikin koyarwa? Kika taɓe baki kika ce duk tafireta tafireta ce, ƙarfe ne mai surutu. Ni kuwa da ɗaukar zafi na jawo hulata ta rufe mini ido, na ce ku zaunar da ni gaban kowacce in faɗi ko ta wane ce. Na faɗa kuwa, ban kuskure ko ɗaya ba. Kika yi dariya har mayafinki ya zame, kika ce ashe ni ba na bukatar ido. Wayyo bakinki, Rahamatu! Ran nan na koma gida ina tafe kamar ba ƙasa nake takawa ba.

Idanun sun tafi. Ga shi na faɗa, na huta. Gajiyar da na riƙa ce miki ita ke sa ni murza su, ba gajiya ba ce. Tun bara duhu ya fara cin su daga gefe kamar gara a zana, yana matsowa tsakiya. Likitan ido a Kano ya haska, sannan ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar ce take bushewa, kuma ba ta dawowa. Yanzu ina bambanta rana da inuwa, ina ganin giftawar mutum, shi ke nan. Ofis suka sallame ni cikin mutunci, don akawun da ba ya iya karanta rubutun manya ba shi da amfani a kan kujera.

Ban zauna kuka ba. Na ce ai yatsuna na nan, kunnuwana na nan. In na sami tafireta tawa ta kaina, sai in kafa tebur a ƙofar kotu, mai ƙara ya faɗa da baki, ni in buga. Da wannan zan ciyar da ke, ba da roƙo ba. Na sayar da kekena, tunda dama hawansa ya gagare ni, na haɗa da rediyo, ranar Alhamis na bi motar 'yan kasuwa zuwa Maigatari, rumfar wani dillali Cindo mai sayar da tsofaffin kayan Turawa.

Uku ya jera mini a kan tabarma. Ban bari ya gane halin da nake ciki ba, na tsuguna na ɗora yatsu. Ta farko jibgegiya ce, maɓallanta tauri, sai ka bi kowane harafi da ƙarfi har ƙasa kamar mai kirɓa dawo. Kafin azahar kafaɗa ta sage. Ta biyu kuwa sakwaf, ko numfashi ka yi sai ta buga, haƙoranta na girgiɗi, bibbiyu suke tashi su sarƙe. Mai ido ya iya da ita, yana gani ya gyara. Ni kuwa ina! Sai ta ukun. Kai, Rahamatu! 'Yar ƙarama ce, Cindo ya ce daga Damagaram ta fito. In ka danna sai ta bi ka a hankali, a tsakiyar hanya ta ɗan turje kamar ɓawon gyaɗa gab da zai fashe, sannan ƙas! ta sauka, ta maido maka yatsanka da kanta. Wannan 'yar turjiyar ita makaho yake nema, don ita take gaya masa harafi ya hau takarda. Na ji ta har cikin ƙirjina. Na ce a raina wannan halin Rahamatu gare ta, ba ta ba da kai da arha, amma in ta amsa ta amsa.

Na rungumo ta har gida, kuma ke na fara yi wa rubutu da ita. Ban taɓa zuba kalmomi masu daɗin waɗannan ba, yatsuna na gudu, ƙararrawarta na amsa mini a ƙarshen kowane layi. Na ninke na aiko, ina ta murmushi ni kaɗai kamar wawa.

Da na kafa tebur, wanda ya fara kawo mini ƙararsa wani makiyayi ne daga Sule Tankarkar, an tsare masa shanu. Na buga masa ƙararsa ya shiga da ita. Can sai na ji dariya ta ɓarke a ciki. Ɗantsoho, tsohon masinjan kotun, shi ya fito da takardar, ya dafa kafaɗata, ya karanta mini maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ashe tafiretar ta Faransawa ce, su kuwa ba inda Ingilishi suka ajiye haruffa suka ajiye nasu ba! Inda ƙaramin yatsana na hagu ya saba samun A, su Q suka dasa. Sun musanya W da Z, sun ɗauke M sun sa waƙafi a gurbinsa. To, Hausa in ka cire mata A, me ya rage? Cindo bai cuce ni ba, bai san boko ba. Duk mai ido da ya kalla sau ɗaya ya gani. Ni da nake taƙama ba wanda ya kai ni sanin tafireta a Gumel, na zaɓi wadda ta fi daɗin taɓawa, ban ga abin da ke rubuce a fuskarta ba.

A nan na tuna takardarki. Sunanki, sunan da nake lallaɓawa a baki kada ya ji ciwo, ga abin da ya zama: Rqhq,qtu. Inda na kira ki zuma, wu,q kika gani. Innalillahi! Wane irin masoyi ne wannan? Kafin la'asar kasuwa ta gama ji cewa Sallau Akawu ya makance.

Na zauna na sake koya wa yatsuna karatu kamar 'yan aji ɗaya, suna ƙi ina tilasta musu. Ɗantsoho ya ce in kawo ya duba mini wannan kafin in aiko, na hana. Maganar da ke tsakanina da ke ba ta idon wani ba ce. Don haka ban san yadda ta fito ba.

Ga ni, ga halina, ya furen zuciyata. Ba zan ga lallen hannunki ranar biki ba. Ba zan ga fuskar ɗan da za ki haifa mini ba. In kika yi kuka ba sauti, zai wuce ni ina zaune kusa da ke. Kina da ikon ki ce kin fasa, kuma ba zan yi miki Allah ya isa ba, ba zan bari kowa ya zage ki a gabana ba. Amma kada in yi miki ƙarya: ina tsoro, ina son ki, kuma in kika tafi ban san abin da zai tashe ni da safe ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki amsa mini da takarda. Wa zai karanta mini? In ji ƙinki ko sonki da muryar wani ƙato? Haba! Ki sa Safara'u ta rako ki ranar kasuwa, ki tsaya gaban teburina ki yi sallama kawai. Daga sallamar zan gane.

Ƙyallen tawadar da ke cikin tafiretar nan tsoho ne, an ce mini ya fara kodewa, kuma ba ni da hanyar sanin inda zai bushe. In kin ga rubutun yana dusashewa, ko ya ɗauke kafin ƙarshe, kada ki ce na yi shiru. Ki juya takardar ki shafa bayanta da yatsa. Da ƙarfi na buga kowane harafi, duk suna nan.

Naki, da ido ko babu, har ranar da ƙasar Gumel za ta rufe ni,

Sallau