Ɓerayen Tajuddeen

Litinin, 7 ga Yuli, 2025
Na kai Yaya Lukuman wankin ƙoda Gusau. Cikinsa ya yi tulu kamar na Baba kafin ya rasu. A lokacin cewa aka yi jifa ne, muka sha rubutu muka yi shiru. Yau likita ya ce gado ne: ƙullutai masu ruwa ke cinye ƙodar. Na ce a ɗauki tawa ɗaya a sa masa. Ai ba ado nake da ita ba.

Juma'a, 11 ga Yuli
Autanmu Tajuddeen ya kira daga Turai, murya fal murna. Wai a ɗakin bincikensu sun ba ɓeraye wani magani, ƙullutan sun rage saurin girma. Na ce yana warkarwa? Ya ce a'a, jinkirtawa yake, kuma da sauran shekaru kafin ya iso ga mutane. Na kashe wayar. Ɓera ya fi ɗan'uwanka gata, kana dariya.

Talata, 15 ga Yuli
Na je gidanmu a Nahuce. Inna ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba: "Hajara, mi likita ya ce kan yaron ga?" Ta ci gaba da tankaɗenta. Kunyar nan ta ishe ni.

Alhamis, 24 ga Yuli
An yi mini hoton ciki. Ni ma ina da ƙullutan, a ƙodar duka biyun. Ba za a ɗauka ba.

Asabar, 26 ga Yuli
Na faɗa wa Yaya. Ya ce, "Alhamdu lillahi da an ka gani da wuri." Haushi kamar in fasa ihu. A hanyar dawowa daga wurinsa a Tsafe na sayi maganin ɓera, sun dame ni a ɗakin girki. Su dai na fi ƙarfinsu.

Lahadi, 3 ga Agusta
Tajuddeen ya sake kira. Shi ma ya yi hoton tun bara, yana da su, ya ɓoye mana. Ya ce, "Yaya ba zai riski maganin ba, na sani. Ɗiyarki Kulu nake tunani." Na leƙa waje. Kulu na tsakar gida tana ɗan carafke.

Asabar, 9 ga Agusta
Ina gidana a Bungudu, ruwa tun safe. Ɓera ya fito daga bayan buhun gero, muka kalli juna. Maganin na nan cikin leda, ban kwance ba. Mantuwa ce kawai. Na tura wa Tajuddeen saƙo: ya kwanan ɓerayenka?